Waƙar Bakin Teku da Kwalar Rigata

Bilkisu, ke kika jawo wannan babin, don haka ki karanta shi har ƙarshe kafin ki miƙa wa yayyenki. Ranar sunan ɗan yayanki Auwalu, da kika kunna waƙar nan a wayarki na miƙe daga kan tabarma na ce ki kashe, kowa ya ɗauka tsoho ya fara wa'azi a kan kiɗa. Na ji Auwalu a zaure yana ce miki ki ƙyale ni, wai tun da na dawo daga Qatar ba na son abin Indiya. Na san abin da ke bayan wannan maganar, domin ba yau aka fara raɗa shi a Tudun Wada ba, cewa koro ni aka yi saboda na fasa wa wani Ba'indiye kai. Mahaifiyarku, Allah Ya ji ƙanta, ta san gaskiyar abin, amma ita ba mai tsayawa gardama da mutane ba ce. Yanzu ba ta nan, ni ma rana ta karkata, kuma ba na so ku gaji wannan sunan daga wurina.

Lokacin da na je Doha, garin duk ƙura ne da ƙarar injin gini. Hanyar da ka bi da safe, da yamma sai ka tarar an toshe ta an haƙa rami. Direba nake a gidan wani Balarabe da muke kira Abu Rashid, a Mesaimir. In kai yara makaranta, in kai uwargida kasuwa, in jira a mota har kiran sallah ya same ni. Shi ne kafil ɗina, wato wanda ya ɗauko ni, fasfona yana hannunsa, kuma ba ni da ikon barin ƙasar sai ya sa hannu. Ba mugun mutum ba ne, amma ba ya son sunansa ya shiga bakin kowa. Ɗakin direba na gidansa ya ba wa mai dafa abinci, sai na kama gado a wani tsohon bene a Muntaza, inda aka yanyanka falo da katako aka mai da shi ɗakuna. Kusan duk mazauna wurin Indiyawa ne, kuma a nan aka haɗa ni ɗaki da Balu.

Balu mai guga ne a shagon wanki da ke ƙasan benen. Baƙi ne kamar ni, siriri, ga gashin baki, ya girme ni da kaɗan. Ni kuwa da na taso ina tsallake katangar sinima a Sabon Gari, na ɗauka na san Indiya ciki da waje. Ranar farko na gaishe shi da 'yan kalmomin da na tsinta a fim, ya kalle ni kamar na yi masa Fulatanci. Ashe shi ɗan Tamil ne, daga can kudu, harshensu daban, finafinansu daban. Muka koma Larabcin 'yan ci-rani, wanda ba shi da kai ba shi da ƙafa, muna cikawa da Turanci da nuni. Da haka muka fahimci juna fiye da yadda na fahimci wasu da muka fito gari ɗaya.

Yana da wata rediyo mai kaset, murfinta a ɗaure da roba. A cikin kasa-kasansa akwai waƙar wani fim nasu da ta shiga raina tun ji na farko. Ganga tana sauri, sarewa tana bi, mace tana rerawa kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba, amma na haddace ta tsaf, ina yin ta a mota in yara sun sauka. Shi kuwa Balu duk lokacin da ta zo sai ya ɓata rai ya ce sata ce. Wata Juma'a da yamma muka fita Kornish, muka zauna a kan dakalin bakin ruwa kusa da jiragen katakon nan, na matsa masa ya gaya mini abin da aka sata.

"Sabi'u," in ji shi, "mawaƙanmu na dā can, tun kafin kakannin kakanni, sun raba ƙasa gida biyar. Dutse, daji, gona, bakin teku, da busasshen fili. Kowanne da irin abin da zuciya take ji a cikinsa, da lokacinsa na yini, da muryarsa. In ka ji an ambaci dutse, masoya sun haɗu. In gona ce, miji da mata sun ɓata. Busasshen fili da tsakar rana na mutumin da ya bar gida neman dukiya ne. Bakin teku da faɗuwar rana kuwa na matar da ya bari ne."

"To wannan ta ina ce?"

"Ta bakin teku. Mace tana tsaye, tsuntsaye sun koma sheƙa, jiragen kowa sun dawo ban da na mijinta. Kakata tana yin ta tana tsefe wa uwata kai. Masu fim suka ɗauki muryar, suka tsinci kalmomi biyu-uku, suka sa ganga, suka sa yarinya tana tsalle a cikin ruwan sama. Waƙar kuka ce suka sa wa takalmin rawa."

Ya dubi teku, ya waiwaya ya dubi garin, sannan ya ce Doha gida biyu kawai take da su a cikin biyar ɗin, teku da busasshen fili, shi ya sa babu mai dariya da gaske a cikinta. Daga nan ya rera mini ta kakar tasa. Muryar dai ita ce, amma a hankali, kamar mai tafiya da tulu a ka. Ya ɗora hannu a gwiwata yana bugawa, in na yi gaba sai ya danne ni. Na koya a ranar, amma don in tsokane shi na ce ta fim ta fi daɗi, kakarsa barci take sa mutane.

A nan matsalar ta samo tushe, kuma sai Bahaushe zai gane ta. Ni Bazazzagi ne. Na taso in na ga Bakano sai na kira shi bawana, in ci kwalarsa a tsakiyar kasuwa, ya ce yau sai ya yanka ni, mu rabu muna dariya a sha fura tare. A wurina in ka so mutum wanda ba jininka ba, abokin wasa kake mai da shi. Haka na mai da Balu ba tare da na tambayi kowa ba. Karon farko da na ci kwalarsa na ce zan kashe shi a kan waƙar, fuskarsa ta yi fari-fari. Na zaunar da shi na yi masa bayanin Kanawa da Zagezagi, ya yi dariya har da tari. Cikin ɗan lokaci ya fi ni iyawa. Ya riƙa jan kunnena, yana ƙwanƙwasa mini goshi, yana cewa ni da masu fim duk gidan yari ya kamace mu. Kullum ka ji mu muna ihu da Larabci, wannan na cewa zai kashe wancan. Abin da ban lura da shi ba shi ne, bangon ɗakin katako ne, kuma sauran 'yan Tamil ɗin babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayanin Kanawa da Zagezagi.

Wata Juma'a cikin zafin nan da kwalta take narkewa, bayan na dawo masallaci, muka yi irin wasan namu, ƙofa a buɗe. Ƙaninsa Sekar, wanda yake aikin gini can bayan gari yana zuwa jefi-jefi, ya shigo ya same ni riƙe da wuyan rigar yayansa. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ajiye ledar da ya kawo ya wuce ɗakin 'yan garinsu. Balu ya ce mini kansa yana sara tun safe, zai haɗa shayi. Ya shiga ɗan kicin ɗinmu, ni kuma na kishingiɗa. Sai na ji ƙarar faɗuwa, da kofi yana gangarawa. Na same shi a ƙasa, goshinsa ya bugi bakin wurin wanke-wanke, jini yana bin tayil, idonsa a buɗe amma ba ya ganina. Na ɗago kansa na ɗora a cinyata ina kiran sunansa. A haka mutanen benen suka taru suka same ni, jininsa har gwiwar hannuna.

Motar asibiti ta ɗauke shi, motar 'yan sanda ta ɗauke ni. Jami'in da ya yi mini tambayoyi bai zage ni ba, bai taɓa ni ba, har ruwa ya sa aka kawo mini. Natsuwarsa ce ma ta fi tsorata ni. Ya ce maƙwabta sun ba da shaida cewa sun sha jin ina cewa zan kashe Balu, kuma ƙaninsa ya gan ni da idonsa ina shaƙe shi a ranar.

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe, amma wasa ne. A ƙasarmu haka muke yi da wanda muke so."

"Kuna ce wa wanda kuke so za ku kashe shi?"

Na buɗe baki in yi bayani, sai na ji yadda maganar take fita da Larabcina na direba, ni kaina ban yarda da ita ba. Ya ce likitoci sun ga jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, amma ba su iya cewa ko bugun ne ya jawo zubar jinin, ko zubar jinin ce ta kayar da shi. Ya ce in Balu ya tashi ya yi magana, shi ke nan. In kuma ya mutu, maganar ta zama ta kisa. Ya faɗi wannan yana gyara hular bironsa, kamar yana gaya mini farashin tumatir.

Bayan 'yan kwanaki Abu Rashid ya zo ya tsaya mini aka sake ni a hannunsa, da sharaɗin ba zan bar gari ba. A mota bai dube ni ba sai da muka kusa gida.

"Sunana ne a takardar nan yanzu," in ji shi. "Ka yi aikinka, ka rufe bakinka. Kada ka kusanci asibitin nan. In ka je za su ce ka je ƙarasa shi ne ko tsorata shi. Ranar da ƙafarka ta taka wurin, ba ni ba kai, kalas, shi ke nan."

Ban iya komawa Muntaza ba. Malam Haladu, wani dattijo Bakano da ke gadi a wani kamfani, shi ya ba ni gefen katifarsa. Mutumin da tun da na zo Doha bai taɓa ganina bai kira ni bawansa ba, ranar sai ya ce, "Sannu Sabi'u, shigo." Wallahi da na ji sunana a bakinsa haka tsirara, sai na san abin ya kai inda ya kai.

'Ya'yana, ban taɓa sanin tsoro ba sai a wannan lokacin. Na yi haɗarin mota a hanyar Birnin Gwari, na kwana a daji, amma wancan tsoro ne mai zuwa ya wuce. Wannan zama yake yi da kai. Ina tuƙi in na hango motar 'yan sanda a madubi sai tafin hannuna ya jiƙe, sitiyari ya riƙa zamewa. In wayata ta yi ƙara sai in kasa dubawa, domin kowane kira zai iya zama na cewa Balu ya cika. Abinci ya koma kamar takarda a bakina. Yaran Abu Rashid da suke damuna da surutu suka daina magana a mota, uwargida ta koma zama can kujerar ƙarshe. A sallah ina roƙa wa Balu rai, sai in tsaya ina tambayar kaina, don shi nake roƙo ko don wuyana. Har yau ban raba biyun ba, ina jin duka ne. Abin da ya fi cina shi ne ku. Auwalu yana aji uku, Sani yana rarrafe, ke Bilkisu ba a ma haife ki ba. Ina ganin ana nuna ku a layi ana cewa ga 'ya'yan wanda ya kashe mutum a ƙasar Larabawa.

Malam Haladu yana da aboki mai gadi a asibitin, ta wurinsa muke jin labari. Wata rana ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba.

"Ya farfaɗo," in ji shi. "Tsaya, kada ka yi murna tukuna. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, kuma bakin ya tafi. Ko sunansa ba ya iya faɗa. Masu shagon wankin da ƙaninsa suna shirin mai da shi gida da zarar likita ya yarda ya hau jirgi."

"In ya tafi bai yi magana ba fa, Malam?"

"Sai a bar ka da abin da maƙwabta suka faɗa. Amma ka ji ni da kyau. Kafil ɗinka shi ne igiyar da ke riƙe da kai. Ka zauna inda ya ajiye ka. Ka je can, ƙanin ya yi ihu, a sake kama ka, wa zai fito da kai? Ni mai gadi?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na san gaskiya ce. Na sayi katin waya na kira mahaifiyarku, wadda har lokacin ban gaya mata komai ba. Na zayyana mata duka, ina jiran kuka. Maimakon kuka sai ta jefo mini tambaya.

"Baban Auwalu, kai ka san ba ka taɓa shi ba?"

"Na sani, Hajara."

"Shi ma ya sani?"

"Ya sani."

"To ku biyu ne kawai kuka sani a duniya, kai kana zaune a nan, shi yana kwance a can. Ka je ka gaishe da mara lafiya mana. Ko ba shari'a, ba abokinka ba ne?"

Na ce mata aikin zai tafi. Ta ce aiki ya tafi, ita mijinta ta aika Qatar, kuma shi take so ya dawo da sunansa.

Juma'ar da ta biyo, bayan la'asar, lokacin da ake barin masu dubiya, na sa farar rigata na tafi. Malam Haladu ya raka ni har bakin ƙofa ya ce daga nan ba zai wuce ba, yana da iyali. Ban ga laifinsa ba. Na hau bene. Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, rana tana shigowa ta tagar yamma. Na hango Sekar kafin ya hango ni, yana zaune da mutum uku daga benenmu. Da ya ɗago ya gan ni sai ya miƙe, kujerar ta faɗi.

"Fita! Me ka zo yi? Fita!"

Ɗaya daga cikinsu ya ruga kiran masu gadi. Wata nas ta ce a yi shiru, babu wanda ya saurare ta. Ni dai na ci gaba da tafiya, domin na san in na tsaya ba zan sake ɗaga ƙafa ba. Balu yana kwance an naɗe masa kai, ya rame, gefen bakinsa ya zube. Idonsa ya sauka a kaina ya tsaya. Na ce masa sannu da Larabci, na ce ni ne Sabi'u. Ya buɗe baki, wani sauti ya fito, ba kalma ba, ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye ya gangaro.

"Kun gani?" in ji Sekar. "Tsoronsa yake ji!"

Ban zo da shirin waƙa ba, kada wani ya ce muku dabara na yi. Larabcina ya ƙare, Hausa ba ta da amfani a wurin, kuma abin da na mallaka na harshensa a duniya waƙar nan ce kaɗai, ta fim da ta kakarsa. Sai na ji ta fim ɗin tana fita daga bakina. Ni, ɗan Malam Isiyaku mai allo, a tsakiyar asibiti, ina rera waƙar yarinya mai tsalle a ruwan sama. Don tsoro ma na fi kaset ɗin sauri.

Hannun Balu na hagu, mai ran, ya taso daga kan bargo ya cafki kwalar rigata. Ya riƙe da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba, ya jawo ni har na sunkuya a kansa. Sekar ya ɗaga murya yana kiran mutane su shaida, ga shi ya nuna wanda ya yi masa. Na ji takun masu gadi a bayana. Na ce a raina shi ke nan, ƙwaƙwalwar ta juye, bai tuna komai ba sai hannuna a wuyansa. Na dafa ƙarfen gadon. Na ga igiyar rataya, na ga Tudun Wada, na ga mahaifiyarku da takaba. Waƙar ta mutu a bakina.

Sai na ji ya ja kwalar, ya sassauta. Ya ɗan jira, ya sake ja, ya sassauta. Ba shaƙa ba ce. Bugun nan ne da ya yi mini a gwiwa a Kornish. Mutumin nan yana kwance rabinsa a mace, ƙaninsa yana ihu, masu gadi sun dafa kafaɗata, shi kuwa abin da ya dame shi na yi sauri.

Na sake ɗaukowa daga farko, a hankali, ina bin jan hannunsa. Layi ɗaya na yi ni kaɗai. A na biyu sai ga wata murya a ƙarƙashin tawa, a shaƙe, tana fita ta gefen baki. Balu ne. Mutumin da bai iya faɗin sunansa ba yana rera kalmomi cikakku, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na fim ba, na kakarsa. Na koma kansu na bi shi. Hannun mai gadin ya sauka daga kafaɗata. Wani tsoho ɗan Tamil da ya zo duba mai gadon kusa ya kama amshi, yana kaɗa kai. Rana ta yi ja a jikin bangon. Muka kai ƙarshe, inda jiragen kowa suka dawo, na kasa ci gaba, Balu ya ƙarasa shi kaɗai.

Sekar ya ɗaga kujerar da ta faɗi ya zauna a kai kamar an tura shi.

"Wa ya koya maka wannan?" ya tambaye ni. "Ba ta kaset ba ce. Ta gidanmu ce."

Kafin in amsa, Balu ya saki kwalar, ya kama kunnena ya murɗa, sannan ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa mini goshi. Rabin bakinsa mai rai ya ɗaga sama. Dariya yake yi. Sekar ya sunkuya ya yi masa tambaya da harshensu, yana nuna ni. Balu ya girgiza kai da ƙarfi. Ya taɓa kansa, ya juya yatsa, ya nuna ƙasa. Sekar ya rufe fuska da hannu biyu. Ni kuwa na zame na zauna a tayil ina kuka kamar yaron da aka tsinto a kasuwa, ban ji kunyar kowa ba.

Washegari jami'in nan ya zo da likita da tafinta. Suka yi wa Balu tambayoyi na i ko a'a, suna juya su ta kowace fuska don su tabbata yana ganewa. Likitan ya ce an san haka, wani lokaci magana takan tafi waƙa ta tsaya, domin ba ɗaki ɗaya suke kwana a kai ba. Aka rufe maganar. Da jami'in zai sallame ni sai ya ce, in na koma ƙasarmu in ci gaba da kashe abokaina, amma a Doha in riƙa ce musu sannu kawai.

Abu Rashid ya cika alkawarinsa. Na gaya masa an wanke ni, ya ce ya ji, ya kuma yi murna, amma ai ya ce kada in je, na kuma je. Ya soke bizata. Na dawo da jaka ɗaya, ginin da na fara a gida ko linta bai kai ba. Auwalu zai tuna shekarar da muka koma ɗaki ɗaya a gidan Kawu Tanimu, ita ce wannan. Mutane suka ga mutum ya dawo ba shiri ba kaya, wani da ya ji rabin labari a Doha ya kawo rabin, gari ya ƙarasa sauran. An mai da Balu gida kafin in taso. Sekar ya kira ni sau ɗaya bayan nan, ya ce maganar ba ta dawo sosai ba, amma kullum da yamma sai an fitar da shi ƙofar gida ya yi waƙa. Daga baya lambar ta daina shiga. Ban san ko yana raye ba.

Na taɓa rera wa mahaifiyarku ita, ta kakar, na fassara mata yadda Balu ya fassara mini, matar da ke tsaye, tsuntsaye sun koma, jiragen kowa sun dawo. Tana tankaɗe ta tsaya.

"Ashe su ma sun san magariba," in ji ta.

Waƙar da kika kunna ranar suna, Bilkisu, da Hausa ake yin ta, wani yaro da wata yarinya suna zolayar juna a kan soyayya. Amma muryar ita ce. Namu sun ɗauko daga fim ɗin su Balu, su kuma sun ɗauko daga bakin tsofaffi irin kakarsa, su ma daga waɗanda suka riga su. Ban ce ki kashe don haramun ba ce, ban kuma ce don na tsani Indiya ba. Ina jin ta sai wuyan rigata ya matse ni, na ji hannu yana ja, a gaban baƙi, na kuwa san in ta kai layi na biyu za ku ga abin da ba ku taɓa gani a fuskar ubanku ba.

Ki zo da wayar gobe bayan la'asar, ki kira Auwalu da Sani su ma su zo. Ki kunna ta daga farko. Zan riƙe hannunki in nuna miki inda suka yi sauri.